Hannu Na Aiki, Baki Na Hira: Amsoshin Wasiƙunku Kan Zaman Sana'a

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato zaman da masu sana'ar hannu ke yi tare, kowa da aikinsa a cinya. Na zaɓi huɗu. Ta farko ta fi taɓa zuciyata, don haka a kanta zan fi daɗewa.

TAMBAYA: Gwaggo, ina gaisuwa. Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Daura wata bakwai da suka wuce. Maigidana yana fita tun safe, sai bayan Isha'i yake dawowa. Na koyi saƙar kwarashi a YouTube, ina yin hular jarirai da safa da tumaƙasa, amma ni kaɗai nake yi a ɗaki, wani lokaci sai in ji hawaye na zubo mini. Na gani a waya matan Turawa na haɗuwa da yamma, kowa da saƙarta, ana shan shayi ana hira. Ina so in tara maƙwabtana mu riƙa yin haka, amma ina tsoron a ce amarya ta zo da baƙon abu, ina kuma tsoron zaman ya koma na gulma. Ta ina zan fara? (Daga wata amarya a Daura)

AMSA: Ɗiyata, Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa gidan zamanki ne. Share hawayenki. Abin da kika gani a waya ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kakanninki sun yi shi da mazari, ke kuma da kwarashi za ki yi.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, cikin birnin Katsina, inda in ka fito ƙofar gida kana hangen hasumiyar Gobarau. Da an ci tuwon dare an yi Isha'i, sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, matan gidanmu da na gidaje biyu da ke jikinmu su fito, kowa da taskirarta. Aci-balbal ɗaya ce a tsakiya. Wannan na gurza, ta ɗora auduga a kan magurji tana murza ƙarfe, angurya na faɗuwa gefe. Waccan na shiɓa da ɗan bakanta. Tsofaffi su ne masu kaɗi. Har gobe ina ganin hannun kakata: ta dangwali alli da yatsu biyu, ta murza mazari cikin ɗan ƙoƙo, hannun hagu ya yi sama da sutu, zare na ta fitowa siriri, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi, bakinta na kan tatsuniya. Mu yara aikinmu tsintar angurya da miƙa wa wannan alli, miƙa wa waccan ruwa. A wurin na san bambancin zare da abawa. A wurin kuma na fara jin yadda ake kula da mai jego, da yadda mace ke yi wa maigida magana in ya shigo ransa a ɓace. Idan zare ya taru, dillaliya ta zo ta kai wa masaƙa. Da kuɗin kaɗi kakata ta sayi rabin tasoshin da aka jera wa mahaifiyata.

Audugar daga kudancin ƙasar Katsina take zuwa, wajen Funtuwa da Malumfashi da Bakori, inda Turawan kamfanin auduga na BCGA suka kafa injinan gurza, har sunan ya liƙe wa wata unguwa a Funtuwa, ake ce mata Bisije. Da zaren inji da yadin kanti suka cika kasuwa, sai mazari ya shige ƙarƙashin gado, zaman ma ya watse tare da shi. Talabijin ta zo, waya ta biyo baya, kowace mace ta koma ɗakinta. Kaɗaicin da ke sa ki hawaye daga nan ya samo asali, kuma na tabbata a lungunku akwai mata biyar da ke jin irinsa, ba su faɗa ba ne kawai.

To, ga yadda nake ganin za ki yi. Ki fara da maigidanki, ki gaya masa komai dalla-dalla: rana kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, su wance da wance ne za su zo. Namiji ya fi sakin jiki da abin da ya san iyakarsa. Daga nan ki ɗauki mafi kyawun tumaƙasar da kika saƙa ki kai wa uwar mijinki, ko tsohuwar da aka fi ganin girmanta a lungun. Kada ki ce mata kin zo koya wa mata saƙa. Ki ce, "Inna, na ji an ce kin iya ɗinkin faifai, ina so ki koya mini." Daura gari ne na masu kaba, da wuya ki rasa tsohuwar da ta iya faifai ko mafici ko tabarma, ta san yadda ake tsage kaba a jiƙa ta a rina da galura. In ta yarda ta zauna a tsakar gidanki ranar farko, babu mai cewa amarya ta zo da baƙon abu, don zaman ya zama na Inna.

Wannan shawara ta tsohuwa ita ce maganin tsoronki na biyu. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna zama ranar Laraba a gidana, kuma abin da na lura da shi, gulma ba ta samun gindin zama inda akwai babba, inda kuma kowane hannu ke riƙe da aiki. Mace mai ƙirga sarƙar kwarashi, in ta saki baki a kan kishiyar wata, za ta ɓata lissafi ta warware layi uku. Wadda ta zo hannu rabbana ita ce ke kawo labarin gidan wane. Saboda haka dokarmu ɗaya ce: kowa ta zo da abin yi. Wadda ba ta iya komai ba, mu ba ta zaren da ya hargitse ta warware mana ta naɗe, ko ta riƙa zura wa masu jakar duwatsu duwatsu a tsirkiya. In wata ta ɗauko sunan wadda ba ta wurin, tsohuwarmu takan ce, "Ke, miƙo min almakashi," sai magana ta mutu. Kowa ta gane.

Lokaci kuma, ni bayan La'asar na fi so, a tashi kafin kiran Magariba. Akwai hasken rana, idonku zai huta, ba ku jiran wuta, kuma kowa ta koma gida kafin duhu. Mai girki ta ɗora tukunya da wuri ko ta bari sai mako mai zuwa. Zaman bayan Isha'i irin na kakanninmu sai ga matan gida ɗaya ko waɗanda katanga ce kawai ta raba su. Kada ku wuce ku shida ko bakwai a farko. Tabarma biyu ta ishe ku.

Abinci: ruwan sanyi ya isa, in an samu hali a ƙara da zoɓo ko gyaɗa. Da kin fara soya kaza ranar farko, wadda zaman zai koma gidanta za ta ji dole ta yi biyunta, kafin wata uku marasa hali sun daina zuwa don kunya.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ina so ki buɗe kunne. Zamanmu na farko, kafin wannan na yanzu, adashi ne ya kashe shi. Mun fara lafiya lau, muna saƙa muna dariya, sai wata ta ce tunda muna haɗuwa duk mako me zai hana mu riƙa zubi. Muka ce to. Kwasa ta huɗu wata ta ɗauka ta kasa ci gaba da zubi, ba da mugunta ba, mijinta ne ya kwanta ciwo. Kunya ta hana ta zuwa, ƙawarta ta bi bayanta, masu jiran kwasa suka fara zuwa da fuska a murtuke, kwarashi ya koma jaka ana ta lissafi. Cikin wata biyu tabarma ta zama wayam. Na yi baƙin cikin abin nan ƙwarai, don a ciki na rasa aminiyar da muka yi shekaru tare, sai daga baya Allah ya daidaita mu. Adashi abu ne mai kyau, amma a yi shi daban, da uwar adashinsa daban, a wata rana daban. Kuɗin da na yarda ya shigo zaman saƙa shi ne na sayen zare a sari: kowa ta kawo nata a ranar, a rubuta a gaban kowa, a aika Kano a sayo dozin, a raba a wuce wurin.

Kuma ki sa Sallar Gani a ranki. A Rabi'ul Awwal Daura na cika da baƙi, ga masu zuwa kallon hawa, ga masu zuwa ganin rijiyar Kusugu, kowa na neman tsarabar da zai koma da ita. In kun fara yanzu, kafin lokacin kuna da faya-fayai da mafitai da kayan jarirai da za a iya fitarwa. Ki rubuto mini bayan zama na uku, ina son in ji abin da Inna ta koya miki.

TAMBAYA: Hajiya, ni mai ɗinkin hula ne a Katsina, shekara ashirin ina yi. A da majalisarmu ta ƙofar gida kowa da hularsa a hannu, yanzu samari waya kawai suke latsawa. Ga hulunan inji masu araha sun cika kasuwa. Shin akwai amfanin in ci gaba da jan yara zuwa sana'ar nan? (Daga wani magidanci a Ƙofar Marusa)

AMSA: Malam, Allah ya ƙara wa ido haske. Akwai amfani, kuma kai ma ka san akwai, da ba ka ɗauki biro ba.

Ku maza kun fi mu sa'a, don wurin zamanku yana nan, ba sai kun ƙirƙira ba. Benci na nan, mai shayi na nan, allura ce kawai ta bar wurin. Shawarata, kada ka yi wa samarin wa'azi a kan waya. Ka zauna a tsakiyarsu da aikinka kullum, ka sa ido ka ga wanda ke satar kallon hannunka. A kowace majalisa akwai shi. Shi za ka miƙa wa ƙyalle da aka riga aka yi wa zane, ka ce ya cike maka gida ɗaya. Kada ka fara shi da jikin hula, ka ba shi kan hula, ya fi ƙanƙanta, zai ga ƙarshensa da wuri. Ranar da aka haɗa hular, aka kai wa mai wanki ya sa mata sitati ya ɗora a gungume ya buge ta ta tashi tana ƙyalli, ka kira shi ya gani, ka kuma danƙa masa kuɗin aikinsa a gaban abokansa. Wannan ta fi huɗuba goma.

Wayar da kake kuka da ita kuma, ka sa ta aiki. Kai ka iya allura, su sun iya ɗaukar hoto da sa kaya a WhatsApp da Facebook. Mutumin da ke Abuja ko Legas yana neman ƙube ko zanna ta hannu don Sallah ko ɗaurin aure, bai san da zamanka a Ƙofar Marusa ba sai yaron nan ya nuna masa. Ka yanka wa yaron la'adarsa a kan kowace hula.

Hular inji tana da masu sayenta, kuma ban ga laifin talaka da ya saya wa 'ya'yansa biyar ita ba. Amma wanda ya san hula, juya cikinta yake yi ya duba bayan ɗinki, ya san abin da aka yi makonni ana yi. Ka dubi mutanen Bama. Lokacin da Boko Haram ta kore su daga garinsu a 2014, da yawa sun isa Maiduguri ba su da komai sai sana'ar da ke hannunsu, kuma a sansanin gudun hijira mata da maza suka zauna rukuni-rukuni suna ɗinkin hula suna ciyar da kansu. Gona ta tsaya a can, shago ya ƙone, allura ta biyo su. Mu ma nan mun ga gobarar Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021, yadda dukiyar shekaru ta tafi a safiya ɗaya. Ka ba samarinka waɗannan labaran in hira ta kawo.

Abu ɗaya nake roƙonka: ɗinkin dare a ƙarƙashin ƙwan shagon mai shayi yana cin ido. Ku haɗa kuɗi ku sayi fitilar sola mai farin haske ta majalisa, a rataye ta daga bayan kafaɗar mai ɗinki. In ka fara ganin ramin allura biyu-biyu, ka je a auna idonka a ba ka tabarau, kada ka saya a bakin titi.

TAMBAYA: Gwaggo, raina a ɓace yake. Na ƙirƙiro wani salon jakar duwatsu, na zo da shi wurin zamanmu, wata ta kalla ta je ta yi irinsa, tana sayarwa ƙasa da kuɗina, har ta janye mini masu saye biyu. In daina zuwa ne, ko in riƙa ɓoye sabon aikina? (Daga wata mai sana'a a Sabuwar Unguwa, Katsina)

AMSA: Ƙanwata, na ji zafin da kika ji, kuma kina da gaskiyar jin sa. Amma abu biyu ne kika haɗa, bari in raba miki su.

Kwaikwayon salo, wannan haka sana'ar hannu take tun fil azal. Aska takwas da ke gaban babbar riga, wa zai ce ga wanda ya fara zana ta? Hannu ya karɓa daga hannu har ta iso mu. Ke ma wata ce ta nuna miki yadda ake zura duwatsun farko. Abin da ya kamace ta shi ne ta ce, "Yaya, salon nan ya burge ni, kin yarda in gwada?" Rashin faɗin haka rashin ladabi ne, kuma ya kamata babbar zamanku ta ja ta gefe ta gaya mata. A wurinmu mun yi yarjejeniya: wadda ta zo da sabon salo, a bar mata shi ta ci kasuwar Sallah ɗaya ko bikin da ta yi shi dominsa, bayan nan ta koya wa kowa da hannunta. Kowa ta samu, zumunci bai taɓu ba.

Karya farashi shi ne ainihin ciwon, kuma ina kyautata zaton ba don ta cuce ki ta yi ba. Yawancin matanmu ba su iya sa wa aikinsu kuɗi ba. Mace za ta sayi duwatsu da tsirkiya da zif da shafi, ta yi kwana huɗu tana sunkuye, sai ta ɗora ɗan abin da bai kai kuɗin cefanen rana ɗaya ba a kan kuɗin kaya, ta ce ta ci riba. Kwana huɗunta fa? Bayanta da idonta fa? Kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa da dawowa, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa ya biya? Ita kanta take cuta kafin ta cuce ki, kuma ranar da za ta koma sayen kaya za ta tarar uwar kuɗin ma ta zaizaye.

Don haka kada ki daina zuwa. Ki zo da littafi da biro zama mai zuwa, ki ce ku yi lissafin jaka ɗaya tare, a bayyane. Ku rubuta kuɗin kaya har da allurar da ta karye, ku rubuta kuɗin mota, sannan ku tambayi kanku nawa ake biyan mai wankau ko mai aikatau a wuni, ku ninka da kwanakin da jakar ta ci. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashi, kowa ta yi alkawarin ba za ta sauka ƙasa da shi ba. Wadda aikinta ya fi tsafta ta hau sama yadda take so. Na ga mata sun riƙe baki da suka ga lissafin nan a takarda. Kuma ku koyi cewa "albarka" in an yi muku tayin wulaƙanci, ko da 'yar'uwa ce ta taya. Babbar fa'idar zama tare ke nan a wurina: mace ɗaya a ɗakinta dillaliya na iya juya ta yadda take so, amma mata bakwai da suka san farashin juna sai dai a saya ko a bari.

Masu sayenki biyu kuwa, ki bar su. In ɗinkinki ya fi ƙarko, hannun jakar can zai tsinke su dawo.

TAMBAYA: Ɗiyata tana aji biyar na sakandare, ta nace sai ta riƙa bin maƙwabciyarmu wurin zaman saƙa. Mahaifinta na ganin zai raba mata hankali da karatu. Me kika gani? (Daga wata uwa a Ƙofar Ƙaura)

AMSA: Maman yarinya, ki fara zuwa da kanki sau ɗaya ki ga su wa ke zama, ki ji irin hirar da ake yi. In hankalinki ya kwanta, ki bar ta, rana ɗaya a mako, da sharaɗin ta gama aikin makaranta kafin ta fita, kuma ta ajiye kwarashi gaba ɗaya in jarrabawar WAEC da NECO ta matso. Awa biyun nan, in ba ta yi su a can ba, a kan waya za ta yi su.

Shi kuma Malam, ki tuna masa cikin ladabi cewa Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah ya ƙara mata yarda, da hannunta take jima tana ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. Ya kuma san hadisin da ke cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawud, alaihis salam, daga aikin hannunsa yake ci. Ni 'ya'yana mata uku duk sun bi ta tabarmar Laraba, ta tsakiyar tana jami'a yanzu, kuma da kuɗin kayan jarirai take sayen takardun karatunta.

Kada ki kashe kuɗi da yawa a farko. Kwarashi ɗaya matsakaici da dunƙulen zare biyu masu haske sun isa, don a baƙin zare mai koyo ba ta ganin ramin da za ta soka. Ta fara da tumaƙasa. In ta gama ta farko, komai karkacewarta, ki rufe kwanon tuwon mahaifinta da ita a daren.